Yadda ake shiga ƙungiyar samarin unguwa ba tare da ka kunyata wanda ya tsaya maka ba

Kowace shekara, da an tashi daga faretin 11 ga Fabrairu, ranar matasa ta ƙasa a Kamaru, sai samari su yi ta tsayawa a bakin shagona a unguwar Hausare: "Yaya, don Allah ka sa ni a ƙungiyarku." Sun ga riguna iri ɗaya, sun ga tuta, sun ji ana tafa mana. Kafin damina ta raba tsakiya yawancinsu sun daina zuwa taro, wasu ma in sun hango ma'aji daga nesa sai su sake hanya. Na daɗe ina ganin haka a nan Garwa, ni ma kuma na taɓa faɗawa wannan ramin, shi ya sa nake so ka ji yadda ake shiga tun kafin ka sa ƙafa.

Da farko dai, kada ka zaɓi ƙungiya a watan Fabrairu ko lokacin kamfen. A irin waɗannan kwanaki kowace majalisar shayi tana iya ɗinka riga ta laƙaba wa kanta suna. Ka bari sai Agusta, ruwa ya sauka sosai, kwatoci sun cushe. Ka duba su wa suka fito da shebur da baro ranar Lahadi da sassafe. In an yi rasuwa a unguwa, ka duba su wa suka riga kowa zuwa maƙabarta da diga, su wa suka kai tabarmi da ruwan sha gidan makoki. Su za ka nema. Ka roƙi izinin zuwa taronsu a matsayin baƙo har sau uku. Ka zauna baya, ka kama bakinka, ka buɗe ido. Ana buɗe littafin kuɗi a karanta kowa ya ji, ko kuwa ma'aji cewa yake "komai lafiya" a wuce? In ƙaramin cikinsu ya ɗaga hannu, ana barinsa ya ƙarasa magana? Mu da Hausa da Fulatanci muke taro, sakatare ya rubuta da Faransanci. In akwai wanda ba ka ji sosai, ka zauna kusa da mai fassara maka, kada kunya ta sa ka gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba.

Ƙungiyar kirki ba ta karɓar mutum sai wani na ciki ya tsaya masa. Yara sukan ɗauko abokin ƙwallonsu da bai fi wata biyu da shiga ba. Kuskure ne. Ka nemi wanda ya shekara uku ko fiye a ciki, wanda ya san gidanku. Ka same shi a gida, ku gaisa yadda ya kamata, sannan ka faɗa masa gaskiyar samunka: "Yaya, ga abin da nake samu a mako in kasuwa na ci, ga shi kuma in ta yi sanyi. Ka duba mini ko zan iya." In ya ce ka dakata, ka dakata. Tsayawar nan fa ba ta fatar baki ba ce. Ranar da ka kasa biya, aljihunsa za a taɓa.

Takardun da za a nema a wurinka ba su da wuya: wasiƙar neman shiga da rubutun hannu zuwa ga shugaba, kwafin katin shaida, hotuna 4x4 guda biyu. Hoton nan in kun haɗu ku biyu ko uku mai hoto yakan rage muku, kada ka biya kuɗin gaggawa. Amma kai ma akwai takardar da za ka nema a wurinsu, wato resepise, takardar shaidar rajistar ƙungiya. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru, mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, ta ce masu kafa ƙungiya su kai sanarwa ofishin perefe, wato babban jami'in gwamnati na yankin da mazauninta yake, mu nan na Binuwai, tare da kwafi biyu na dokokinta da sunayen shugabanninta, a ba su takardar shaida. In wata biyu suka cika perefe bai ce komai ba, doka ta ɗauka an amince. To ƙungiyar da ta shekara biyar tana cewa "takarda na nan tafe", akwai abin da ba a faɗa maka ba. In babu takardar nan da wuya a buɗe asusu da sunan ƙungiya, sai kuɗin jama'a su riƙa kwana a akwatin mutum ɗaya ko a lambar wayarsa.

Yanzu ka natsu, don a nan ne ake faɗuwa. Kuɗin ƙungiya ba iri ɗaya ba ne. Akwai kuɗin shiga, sau ɗaya ake biya, ba ya dawowa ko gobe ka fita. Akwai kuɗin wata, wanda muke ce wa kotizasiyon, shi ke shiga asusun taimako: rasuwa, jinya, aure, suna, shinkafa da sukarin marayu da azumi. Wannan zumunci ne da sadaka, kada ka zauna kana lissafin nawa ka zuba nawa aka ba ka. Akwai tara ta makara da ta fashin taro. Sannan akwai adashi, shi kuwa adashi ba dole ba ne. Ba wanda zai faɗa maka haka ranar farko, don kowa so yake hannu ya ƙaru kwasa ta yi kauri.

Shekarar da na shiga, hannu 30 ne, zubin sefa 2,000 kowace Lahadi, kwasa 60,000. Na ga sa'o'ina sun ɗauki hannu bibbiyu, ni ma na ce biyu, 4,000 ke nan a mako ban da kuɗin wata. Lokacin an biya manoman auduga, kuɗi na yawo a gari, mutanen ƙauye suna shigowa sayayya, shago na ci. Na roƙi a ba ni kwasa da wuri. Aka duba fuskar wanda ya tsaya mini, aka ba ni ta uku da ta huɗu a jere. Na zuba 120,000 ɗin nan duka a kaya. Da ruwa ya sauka manoma suka koma gona, kasuwa ta mutu, kaya suka zauna, ga sauran zubi na makonni da yawa a kaina. Na yi fashin zubi ɗaya, na yi na biyu, daga nan kunya ta hana ni zuwa taron ma gaba ɗaya, tara ta hau kan bashi. A mako na biyar da fara fashin nan aka kira wanda ya tsaya mini a gaban jama'a, mutumin da ya ba ni shekara goma, ya tashi ya ciro kuɗi ya biya. Bai zo ya yi mini faɗa ba. Da muka haɗu a masallaci abin da ya ce kawai, "Ƙanena, da ka zo ka faɗa mini tun makon farko." Na biya shi cikin wata huɗu, amma har yau in na tuna tsayuwarsa a gaban taron nan raina yakan ɓaci.

Saboda haka ga dokata, kuma duk wanda na tsaya masa da ita yake shiga. Zagayen farko ba ka shiga adashi ko kaɗan, ka biya kuɗin wata kawai har ka ga yadda damina take yi da aljihunka. Zagaye na biyu hannu ɗaya, kuma ka nemi kwasa ta ƙarshe-ƙarshe, don wanda ya kwasa da wuri bashi ya ci, wanda ya kwasa a ƙarshe ajiya ya yi. Lissafinka ka yi shi da samun watan Agusta, kada ka yi shi da na Janairu. In kuma mako ya zo babu, tun ranar Juma'a ka samu ma'aji da wanda ya tsaya maka ka faɗa musu, ranar Lahadi ka zo taron ko da hannu wofi. Wanda ya zo ya ce "ba ni da shi" ana nema masa mafita, wani ya ranta masa ko a musanya masa layi. Wanda ya ɓuya shi ake kai wa aike gida.

Tambaya biyu kuma ka yi su kafin ka biya ko sisi. Sabon shiga wata nawa yake jira kafin asusun taimako ya shafe shi? Su wa ake lissafawa a matsayin iyalinka: uwa da uba da mata da 'ya'ya kawai, ko har da kawun da ya riƙe ka? Na ga zumuncin shekaru ya lalace a gidan makoki saboda wannan tambayar da ba a yi ba. In ta Orange Money ko MTN MoMo za ka tura, ka haɗa da kuɗin cirewa, ka ajiye saƙon, ranar taro kuma ka tsaya sai ka ga an rubuta a littafi.

Ranar karɓarka ba wani abu ba ne. Ka zo da wuri, ka zo da ɗan ganyen shayi da sukari ko goro, in an ce ka tashi ka faɗi sunanka da gidanku da sana'arka ka zauna. Kada ka yi alkawarin komai. Shekarar farko kada ka karɓi muƙami, balle na ma'aji, ko an matsa maka. Aikin hannu za ka kama: shimfiɗa tabarmi, ɗaukar baro, zaman jinya da dare. In ka cika shekara 18 kuma ka kai kilo 50, ka je a gwada rukunin jininka ka ba sakatare ya rubuta, don asibiti kan nemi dangi su kawo masu ba da jini kuma yawanci cikin dare ake kira. Namiji ya bar wata uku tsakanin bayarwa da bayarwa. In za ka yi tafiya Marwa ko Ngaundere ka sanar tun kafin Lahadi don kada a ci ka tara. Rigar fareti kuwa a Janairu ake karɓar kuɗinta, ka fara ajiye 500 a mako tun Nuwamba.