Kurakuran da Ƙananan Ofisoshi Ke Yi Wajen Sayen Kaset na Adana Bayanai

Kaset na adana bayanai bai mutu ba. Nau'in LTO, wanda ya fito a 2000, har yau ana ƙera shi, kuma yana da wata fa'ida babba: da zarar an zare shi an sa a cikin akwati, masu kutsen da ke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa ba su da hanyar kai wa gare shi. Matsalar ita ce yadda ake sayensa.

Farkon abin da ke yaudarar mutane shi ne lambar da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta terabait 30 a kan LTO-8, wato zubi na takwas, alhali ainihin cikinsa 12 ne. Talatin ɗin sai an matse bayanai, kuma hotuna da bidiyo da takardun da aka yi wa sikanin tuni a matse suke. Yi lissafinka da ƙaramar lambar: LTO-6 terabait 2.5, LTO-7 kuwa 6, LTO-9 kuma 18.

Sai kuma dogon buri. Mai ofis ya ji cewa sabon zubi ya fi, ya narka kuɗi, bai san na'urar da ke rubutu a kan kaset ɗin tana da ƙishirwar bayanai ba. LTO-8 tana rubutu da gudun megabait 300 ko fiye a daƙiƙa, yayin da wayar sadarwa ta gigabit ɗaya, irin wadda ke yawancin ofisoshi, da ƙyar take haura megabait 110. Idan bayanai suka yanke mata, sai kaset ya tsaya, ya koma baya, ya sake tashi. Kana zaune za ka ji ƙarar tana kai da komo, kuma wannan ne ke cinye kaset da kan na'urar mai karatu da rubutu tun lokacinsu bai yi ba. Maganinsa shi ne a fara tara kwafin a faifan da ke cikin kwamfutar da aka haɗa na'urar da ita, daga nan a juye shi kan kaset. A ganina, ofis mai ma'aikata goma LTO-7 ta ishe shi.

Kafin ka biya, duba bayan kwamfutarka. Yawancin waɗannan na'urori da mahaɗar SAS suke aiki, ba USB ba, don haka sai an sayi kati da wayarsa daban.

Wanda yake da tsoffin kasakasai ya yi hattara sosai a nan. Har zuwa LTO-7, na'ura tana karanta zubi biyu na baya. A LTO-8 da LTO-9 aka rage zuwa ɗaya, wato na'urar LTO-8 ba za ta karanta maka LTO-6 ba. Kada ka rabu da tsohuwar na'ura sai ka kwashe komai.

A ɓangaren manhaja, mutane kan fara sayen na'ura sannan su je neman abin da zai tuƙa ta. Juya tsarin: zaɓi manhaja, ko Veeam ce ko Bacula ko Bareos, ka duba jerin na'urorin da take karɓa. Tsarin LTFS, wanda ya zo da LTO-5, yana nuna kaset kamar filashi, yana da daɗi wajen adana tsoffin fayiloli, amma shi kaɗai ba ya tsara kwafin kullum. Idan kuma ka kunna kulle bayanai, adana mabuɗin a wani wuri daban, domin idan ya salwanta tare da kwamfutar, babu mai buɗe maka kaset ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne kasakasan da ake jerawa a kan kwamfutar da aka kwafo, cikin zafi da ƙurar hunturu. Gobara ɗaya ta cinye duka. A fitar da kwafi ɗaya daga ginin duk mako, a ajiye a wuri mai sanyi cikin kwalinsa. A sa wa na'urar batirin UPS saboda ɗaukewar wuta, a kuma tanadi kaset na goge kai, wanda ke yin kusan sau 50. Sannan duk wata a ɗauki kaset ɗaya, a dawo da fayil biyu ko uku, a buɗe su a gani da ido.