Yadda Ake Zuwa Kallon Besbol na Jami'a a Amurka da Fensir a Hannu

Duk wanda ya tashi a kan ƙwallon ƙafa, ranar da aka fara kai shi filin besbol sai ya yi hamma har muƙamuƙinsa su gaji. Mutum tara a warwatse cikin fili kamar masu jiran mota a tasha, ɗaya yana jifa, ɗaya yana tsugune, wani kuma riƙe da kulki yana ta kai duka a iska. Haka na ji a shekarata ta farko ina karatu a kudancin Amurka. Wata dattijuwa da ke zaune a gabana ce ta buɗe mini ido. Tun da aka fara wasan take zane-zane a kan wani kati da guntun fensir. Da na tambaye ta me ya faru rabin awa da ta wuce, sai ta duba katin ta ba ni labarin tiryan-tiryan, har da wanda ya yi sakaci. Daga ranar ban ƙara shiga fili hannu rabbana ba.

Idan karatu ko aiki ko ziyara ta kai ka can, ga yadda za ka bi wasan kana rubuta shi a kati.

Zaɓen wasa da shirin fita

Kakar besbol ta manyan jami'o'i, wadda hukumar NCAA ke kula da ita, tana farawa ne a tsakiyar Fabrairu. Kowace ƙungiya tana iya buga wasa har 56 kafin gasar share fage, inda ƙungiyoyi 64 ke karawa, takwas su tsallaka zuwa birnin Omaha na jihar Nebraska a watan Yuni. A can ake fitar da zakara tun 1950. A tsarin mako kuwa, yawanci ƙungiya biyu suna haɗuwa sau uku a jere, Juma'a da Asabar da Lahadi, sannan a buga wasa ɗaya a tsakiyar mako, galibi Talata.

Ga mai koyo, wasan Talata ya fi. Babu cunkoso, tikiti ba tsada, a jami'o'i da yawa ma ɗalibi da katin shaidarsa yake shiga. Wasan daren Juma'a kuwa shi ne na gwanaye, domin a ranar ake fito da mafi iya jifa a kowace ƙungiya. A wurare irin su filin Alex Box na jami'ar LSU a Baton Rouge, ko Dudy Noble na Mississippi State inda 'yan kallo ke gasa nama a bayan shingen fili, mutane kan haura 10,000. Can kuwa ihu kaɗai ya isa ya sa ka rasa inda ka tsaya a kati. Ka bari sai hannunka ya faɗa.

Ka tafi da fensir biyu da magogi, ban da biro. Ni na fara da biro, kafin zagaye na huɗu katin ya koma kamar inda kaji suka yi tono. Ka nemi wani abu mai tauri da za ka ɗora takarda a kai. Katin kansa ana samun sa a ɗan littafin da ake sayarwa a ƙofa, ko ka buga shi daga intanet kyauta, shafi biyu, ɗaya na baƙi ɗaya na masu gida. Ka duba dokar jaka kafin ka fita, filaye da yawa sai jaka mai nuna abin da ke ciki suke bari. Idan Fabrairu ko Maris ne ka ɗauki rigar sanyi, ko da ka fito cikin rana. Wasa yakan ci awa uku, saboda haka wanda aka fara da yamma zai ratsa Magariba. Ka yi alwalarka tun daga gida, ka kuma lura da wani lungu mai tsafta tun da shigarka. Naman da ake sa wa cikin burodi sau da yawa akwai alade, sai ka tambaya, ko ka tsaya a gasasshiyar gyaɗa, wadda ake sayarwa da ɓawonta kamar a gida.

Ka isa da rabin awa kafin a fara, ka nemi kujera a bayan mai tsugunen nan, can sama kaɗan, inda za ka ga fili duka da allon sakamako. Wurin yana da raga, ƙwallon da ta kuɓuce ba za ta same ka kana sunkuye kana rubutu ba.

Abin da ya wajaba ka sani game da wasan

Babu agogon tashi. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye baƙi su fara duka, masu gida su biyo. Ƙungiyar da ke duka tana da rai uku; duk ɗan wasan da aka fitar, rai ɗaya ya tafi, idan ukun suka ƙare sai a yi musanya. Akwai zango huɗu a jere kamar murabba'i, tsakanin kowane biyu ƙafa 90: na farko, na biyu, na uku, sai gida inda mai kulki ke tsayawa. Wanda ya kewaya ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Jifan da mai kulki ya kai wa duka ya kuskure, ko ya bari ta wuce alhali ta bi daidai, shi ne sitiraik, uku an fitar da shi. Jifan da ya kauce kuma bai kai masa duka ba shi ne bol, huɗu ya tafi zango na farko kyauta. A wasan jami'a da kulkin ƙarfe ake duka, an halatta shi tun 1974, shi ya sa za ka ji ƙara "tinn" kamar an bugi galma, ba irin ta katakon ƙwararru ba.

Cika kati kafin jifan farko

Za a nuna jerin masu duka tara na kowace ƙungiya a allo, mai sanarwa kuma ya karanta. Ka rubuta su daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu na katin, yadda aka jera su, da lambar riga da matsayin kowa. Ka bar layi a ƙarƙashin kowane suna, domin masu horarwa na jami'a suna da yawan canji. Za ka ga wani an sa masa DH. Shi duka kawai yake yi a madadin mai jifa, ba ya tsaron fili. Sunan mai jifa yana da gurbinsa daban a ƙasan kati. Daga nan za a rera taken ƙasa, kowa ya miƙe, sai wasa.

Lambobi tara

Nan ne gindin abin. Kowane matsayi na masu tsaron fili yana da lamba, kuma ba ta da alaƙa da lambar riga. Mai jifa 1, mai cafka da ke tsugune 2, mai tsaron zango na farko 3, na zango na biyu 4, na zango na uku 5. Wanda ke tsaye tsakanin zango na biyu da na uku shi ne 6. Can baya kuma na hagu 7, na tsakiya 8, na dama 9, hagu da dama kuwa daga inda mai kulki yake kallo ake lissafa su.

Tarkon yana tsakanin 5 da 6. Ido yana so ya ƙirga su a jere, 3, 4, sai wanda ke biye ya zama 5, amma ba haka ba ne, ana tsallake shi a je zango na uku sannan a dawo. Na yi wasa biyu cur ina ɗora wa wani yaro laifin maƙwabcinsa saboda wannan. Ka zana ɗan fili a kusurwar katinka ka sa lambobin, ka riƙa satar kallo har su zauna.

Da waɗannan lambobi kake ba da labarin yadda aka fitar da mutum. Ya buga ƙwallo ta bi ƙasa, 6 ya ɗauka ya wurga wa 3 kafin ya iso: 6-3. Ya ɗaga ta sama, na tsakiya ya cafe: F8. Aka fitar da mutum biyu a bugu ɗaya, daga 6 zuwa 4 zuwa 3: 6-4-3, kuma idan masu gida ne suka yi, za ka ji filin ya ɗauka. Wanda sitiraik uku ya fitar, K. Idan na ukun ya wuce yana tsaye bai ko motsa kulki ba, sai a juya K ɗin ya kalli baya, wato ɗan abin kunya ne aka rubuta masa. Harafin K ɗin kansa gadon Henry Chadwick ne, ɗan jarida haifaffen Ingila da ya zauna a New York, wanda ya tsara hanyar rubuta sakamakon besbol a ƙarni na 19.

Ƙaramin akwati

Gaban kowane suna akwai akwatuna, ɗaya ga kowane zagaye, a cikin kowanne da hoton ɗan fili: gida a ƙasa, zango na farko a dama, na biyu a sama, na uku a hagu. Idan mutum ya kai wani zango, sai ka ja layi zuwa can, ka rubuta dalili a gefe. Bugun tsira, wato bugun da ya kai shi zango lafiya: na farko 1B, na biyu 2B, na uku 3B, wanda ya tsallake shinge HR. Tafiya kyauta BB. Idan ƙwallo ta same shi a jiki HBP. Idan ya saci zango, wato ya ruga zango na gaba yayin da ake jifa, SB, in an kama shi CS. Idan ya tsira ne don mai tsaro ya yi sakaci, E da lambar mai laifin, misali E5.

Bari mu bi rabin zagaye ɗaya. Na farko ya buga ƙasa, an fitar da shi: ka rubuta 6-3, ka sa 1 cikin da'ira a kusurwa, rai na farko ke nan. Na biyu ya sami bol huɗu: layi zuwa dama, BB. Na uku ya buga ta faɗi gaban na dama: a akwatinsa layi zuwa zango na farko da 1B, ka ƙara ɗan 9 don tuna inda ta tafi. Amma kada ka manta da na biyu, wanda ya ruga har zango na uku. Ka koma akwatinsa ka ƙarasa layin, ka sa lambar rigar wanda ya tura shi. A nan sababbi ke tuntuɓe, su rubuta mai kulki su bar mai gudu a hanya. Na huɗu ya ɗaga ta can nesa, na tsakiya ya cafe, na biyu ya jira cafkar sannan ya sheƙa gida: SF8 da 2 cikin da'ira ga na huɗu, shi kuwa na biyu ka cike ɗan filinsa da baƙi ƙirin, alamar maki. Na biyar ya tsaya kallo har sitiraik na uku ya wuce: juyayyen K, 3 cikin da'ira. Sai ka ja karkataccen layi a ƙasan akwatinsa, don ka san zagaye mai zuwa daga na shida zai tashi, a sabon ginshiƙi. A ƙasan ginshiƙin ka rubuta: maki 1, bugun tsira 1, kuskure 0, wanda aka bari a zango 1.

Inda ake rikicewa

Wani lokaci ba za ka iya rabe bugun tsira da kuskuren mai tsaro ba. Ba kai ne alƙali ba. Akwai marubucin wasa na hukuma a ɗakin 'yan jarida, hukuncinsa zai fito a allo, H ko E. Ka ɗan jira. In ba ka yarda da shi ba, sa alamar tambaya a gefe. Katinka ne, kuma musu a kan irin wannan rabin daɗin zaman ne.

Idan aka canja mai jifa, ka ja layi mai kauri a katin masu duka daidai inda sabon ya karɓa, in ba haka ba a ƙarshe ba za ka san makin wa aka ci a hannun wa ba. Idan aka canja mai duka, sunansa a layin da ka bari, da zagayen da ya shigo. A wasan jami'a kuma ba abin mamaki ba ne ƙungiya ta yi ta duka har tara ɗin su ƙare a dawo kan na farko cikin zagaye guda. Sai ka tsallaka ginshiƙi na gaba, ka goge lambobin zagaye da ke sama ka gyara. Ranar ce za ka gode wa magogi.

In ka tashi salla ko sayen ruwa wani abu ya wuce ka, ka tambayi na kusa. Mai fensir ba ya rasa abokin hira a filin besbol, wasu ma su za su riƙa leƙo katinka suna tambayar me wane ya yi ɗazu. Mafi kyawun lokacin tashi shi ne tsakiyar zagaye na bakwai, da kowa ke miƙewa ya miƙe ƙafa.

Rufe lissafi

Idan masu gida suna gaba bayan baƙi sun gama dukansu na tara, an tashi ke nan, sai ka sa X a gurbinsu. In kunnen doki ne a ci gaba da ƙarin zagaye. A wasu gasannin kuma ana tsayar da wasa bayan zagaye na bakwai idan rata ta kai maki goma.

Kafin ka bar kujera ka gwada katinka kamar yadda ɗan kasuwa ke rufe littafi. Ka ƙirga duk sau nawa 'yan ƙungiya ɗaya suka gama zuwansu gaban mai jifa. Adadin dole ya yi daidai da makinsu, haɗe da waɗanda aka fitar, haɗe da waɗanda aka bari a zango. A misalinmu mutum biyar ne: maki ɗaya, uku an fitar, ɗaya ya maƙale a zango na farko. Idan bai daidaita ba, kusan kullum wani mai gudu ne ka manta a hanya, ka bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya za ka same shi. Sannan ka gwada jimillarka da haruffa ukun da ke allo, R da H da E, wato maki da bugun tsira da kuskure, tun kafin a kashe fitilarsa. A saman katin ka rubuta kwanan wata, sunan fili, lokacin da aka fara da wanda aka tashi, da yadda garin ya kasance. Ni har wanda muka zauna tare nake rubutawa.