Idan Antibairus Ya Ƙi Buɗewa

Fara da zare wayar intanet daga jikin kwamfutar, ka kashe Wi-Fi. Wasu mugayen manhajoji, in suka shiga kwamfuta, antibairus (manhajar da ke kare ta daga cutar bairus) suke fara kashewa, don haka danna shi sau goma ba zai yi amfani ba.

A Windows 10 ko 11, shiga Windows Security (sashen tsaro na Windows), ka zaɓi binciken Microsoft Defender Offline. Kwamfutar za ta mutu ta sake tashi, ta yi bincike na kusan minti 15 kafin Windows ta hau, lokacin da cutar ba ta da wurin ɓuya.

Kalmomin sirri kuwa, daga wayarka za ka canza su, kada ka canza su a kwamfutar. Imel tukuna, sannan banki.

In binciken ya ƙi tashi, kwashe takardu da hotuna kaɗai, ka sake ɗora Windows daga filashi mai 8GB.