Ka Sayi Gida Sai Bango Ya Tsage: Kurakuran da Aka Fi Yi

Ƙanena ya sayi gida a Birnin Kebbi cikin watan Maris, ana tsananin zafi, fenti sabo fil yana ɗaukar ido. Da ruwan Agusta ya kankama, sai ga tsaga ta ɓullo daga kusurwar tagar falo ta gangara ƙasa, tana bin layin bulo kamar matakala. Ƙofar ɗakin uwargida kuma ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take rufuwa. Ya kira ni hankali a tashe: "Yaya, birkila ya ce buhun siminti ɗaya ya isa." Na ce masa don Allah kada ya bari kowa ya taɓa bangon nan tukuna.

Wannan gaggawar toshewa ita ce kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. Tsaga alama ce, kamar zazzaɓi a jikin yaro, ciwon yana wani wuri. Idan ka cusa siminti ka shafa fenti, ka rufe hanya ɗaya tak da za ka san ko ginin yana motsi ko ya tsaya. Baɗi war haka za ta sake buɗewa a daidai wurin, ka yi asarar kuɗi da shekara guda.

Abin yi shi ne awo. Ka ɗauki hoto da waya, da abin awo a jikin tsagar. Ka ja layi da fensir a inda ta ƙare sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe. A wuri biyu ko uku ka manna siririn gilashi ya ƙetare ta, ko ka ɗan liƙa farar ƙasar nan ta silin. Idan gilashin ya fashe, ko farar ƙasar ta tsage, ko tsagar ta wuce layin fensir, bangon yana tafiya. Ka riƙa dubawa duk sati biyu. In hali ya yi, ka bi ta daga damina har cikin rani, domin akwai tsagar da ke buɗewa a wani lokaci ta matse a wani.

Wasu kuma tsorata suke yi da abin da bai kai ya kawo ba. Siraran tsagogi masu kama da saƙar gizo, waɗanda katin ATM ba ya shiga, galibi na filasta ne da ta bushe da sauri cikin hunturu ko zafin Afrilu da kan haura digiri 40, ba a ba ta ruwa ba. Wannan aikin birkila ne. Amma tsagar da ta kai milimita 5, wadda fensir ya kusa shiga, ko wadda ake gani ta ciki da waje a wuri ɗaya, ko mai faɗi a sama siririya a ƙasa, ta wuce shi. Idan yatsa yana shiga, ko bango ya yi ciki, ko tsagar tana jikin ginshiƙi ko rufin kankare, a fitar da iyali daga ɗakin a daren nan, kada a ce sai gobe.

A nan ne mutane ke tsuke hannu inda bai kamata ba. Birkila gwani ne wajen jera bulo, ina ganin girmansu ƙwarai, amma sanin nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka aikin injiniyan gini ne. Ka nemi mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ka ce ya ba ka rahoto a rubuce da sa hannunsa. Zai sa a haƙa rami a gindin bangon ya ga zurfin tushe da irin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya duba ko akwai linta, wato zubin kankare da rodi, a kan ƙofofi da tagogi, ya karci bulo da ƙusa. Bulon da aka yi wa rowar siminti yana zuba kamar garin kwaki.

Sau da yawa mai laifin ruwa ne, kuma shi aka fi mantawa da shi. Garuruwanmu da dama, Birnin Kebbi da Argungu da Bunza da Yauri, a bakin gulbi da fadama suke. Lakar da ke ba mu shinkafa ita ce ke kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare idan ta bushe; duk wanda ya taka fadama da rani ya ga yadda take tsattsagewa. Gidan da tushensa bai yi zurfi ba a irin wannan ƙasa, kowace shekara ɗaga shi ake yi ana saukewa. Akwai kuma filayen da asalinsu kududdufi ne ko juji aka cike aka sayar. Ka tambayi tsofaffin unguwa me ke wurin kafin a yi gini, kuma ko ruwa ya kwanta a gidan lokacin ambaliyar 2020. Sun sani, dillali ne ba zai faɗa ba.

Ranar da ake sheƙa ruwa, ka ɗauki lema ka zaga gidan. A gidan ƙanena abin da muka gani ke nan: indararo yana zuba ruwan rabin rufi a gindin wannan kusurwar, ya haƙa rami, ga sokawe, ramin da ruwan ban-ɗaki ke zuba, taku uku daga bangon. Maganin irin wannan ba shi da tsada. A kai ruwan rufi kwata da bututu, a yi daɓen siminti mai faɗin kamar mita 1 kewaye da gini, a karkata shi waje, a gyara famfon da ke yoyo. Dalbejiya ko bishiyar turare da ke manne da bango tana zuƙe danshin laka, amma kada ka sare babbar bishiya rana ɗaya ba shawara, don ƙasar tana iya kumbura bayan an cire ta.

Sai an tsayar da sanadin sannan a ɗinke bango: a fafe tsagar, a gitta guntayen rodi cikin layin bulo, a sa ragar waya, a yi filasta. Idan tushe ne ya zauna, ƙarfafa shi ake yi gaɓa-gaɓa, kamar mita ɗaya a lokaci guda. Haƙe gindin bango gaba ɗaya ya sha danne ma'aikata. Maganar ɗora bene kuwa, a ajiye ta.

Sai kunya. Da yawa daga cikinmu kan yi shiru, a ce ƙaddara ce, musamman idan mai sayarwar ɗan'uwa ne ko dattijo. Ƙaddara gaskiya ce, amma ɓoye aibi ha'inci ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Malaman Malikiyya sun yi maganar tsagewar bango da sunanta a babin ciniki: idan ba a jin tsoron rushewar gidan, mai saye yana karɓar bambancin kuɗi, idan aibin babba ne, yana iya mayar da gidan. Jinkiri da gyara ba tare da sanarwa ba suna raunana haƙƙinka, za a ce ka gani ka yarda. Don haka ka sanar da mai sayarwa da dillali da wuri, gaban shaidun cinikin, ka ajiye hotuna da rahoton injiniya. Idan an kankare fenti aka tarar da tsohon ciko a cikin tsagar, shaida ce cewa ta riga cinikin. A fara da sulhu wajen mai unguwa ko hakimi, in ya gagara a je kotu da lauya.

Haka muka tarar a falon ƙanena, ciko har kala biyu. Da aka nuna wa mai sayarwar gaban shaidu, ya ɗauki rabin kuɗin gyara. An karkatar da indararo, an cike sokawen an haƙa wani can ƙarshen gida. Gilashin da muka manna ya ga damina guda bai fashe ba, sannan aka kira birkila.