Yadda ake kai koken unguwa ga hukuma a Zariya, a bi shi har a ga aiki

Da zarar damina ta kankama, akwai lunguna a Tudun Wada, Gyallesu, Muciya da cikin birni da ruwa ke kwana a ƙofar gidajen mutane, saboda magudana ta toshe ko kwalbati ya rufta. Kowa ya san da matsalar. Ana tattauna ta a majalisa bayan la'asar, a ga laifin kansila, a tashi. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu sa maganar a takarda, mu kai ta ofishin da alhakin ya rataya a wuyansa, mu riƙe shaidar cewa mun kai, sannan mu riƙa komawa. A komawar nan yawancin koke-kokenmu suke mutuwa, shi ya sa zan fi daɗewa a kanta.

Ku fara da tsayar da buƙata ɗaya. Unguwa ba ta rasa matsala biyar ko shida: ruwan famfo, taransifoma, bola, rufin ajin firamare. In kuka jera su duka a takarda ɗaya, kun ba jami'in da zai karanta hanyar zillewa, don babu ofishi guda da ke da alhakinsu gaba ɗaya. Ku zaɓi wadda ta fi ci muku tuwo a ƙwarya, ku faɗe ta yadda za a iya aunawa. "A gyara mana unguwa" buri ne kawai. "A sake gina kwalbatin da ya rufta a bakin layinmu kafin ruwan farko" buƙata ce da za a iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Sai ku gano aikin wane ne. Nan ne ake yawan ɓata takarda. Garin da muke kira Zariya ƙananan hukumomi biyu ne, Zariya da Sabon Gari, don haka mutumin Samaru ko Hanwa da ya kai kokensa sakatariyar Zariya ya yi ɓatan kai. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, magudanun ruwa da ƙananan tituna, kuma tana da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Titin jiha na hukumar kula da titunan jihar Kaduna (KADRA) ne da ma'aikatar ayyuka, babban titin tarayya kuwa na ma'aikatar ayyuka ta tarayya ne da hukumar gyaran titunan tarayya (FERMA). Wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa, maganarsa ta hukumar tsara birane ta jiha (KASUPDA) ce. Ginin firamare na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne, ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Lantarki yana da tasa hanyar, kuma ya kamata kowa ya san ta. A ƙa'idar hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa (NERC), gyara ko sauya taransifoma, turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Ana fara rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin. In kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, sai a ɗaukaka zuwa dandalin sauraron ƙorafi na NERC. Kafin a fara bin gida-gida ana karɓar kuɗin karo-karo, a gwada wannan tukuna.

Kada ku tsallake mai unguwa. Ku je ku biyu ko uku, da dattijo a cikinku, ku ce: "Ranka ya daɗe, ga abin da ke damun jama'arka, mun zo neman shawara da sa albarka kafin mu rubuta." Daga shi magana ke hawa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har fadar Zazzau in ta kai ga haka, kuma takardar da ke ɗauke da hatiminsa ba a yi mata riƙon wasa a ofis. Ku sanar da liman. Ku gaya wa kansilan mazaɓarku ko da kuna ganin ba zai taɓuka komai ba, don kada gobe ya ce an zagaye shi, ya koma yi wa abin ƙafar ungulu. Sannan ku kafa ɗan kwamiti na mutum biyar zuwa bakwai: mai rubutu, mai ajiyar takardu, mai magana da yawun jama'a. Ku tabbata ba 'yan jam'iyya ɗaya ba ne duka. Ranar da aka ce koken na 'yan adawa ne, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Kwanan wata a sama, sai muƙamin wanda ake rubuta wa, ba sunansa ba, domin mutum yana sauka kujera tana nan. Kanun magana a layi ɗaya. Sakin layi na farko ya faɗi ku su wane ne. Na biyu ya faɗi abin da ya faru, tun yaushe, gida nawa ya shafa, da abin da kuka riga kuka yi da kanku, kamar aikin gayyar yashe magudana. Na uku ya faɗi abin da kuke so da lokacin da kuke jiran amsa, misali: "Muna roƙon mai girma Shugaban ƙaramar hukuma ya turo injiniyan sashen ayyuka ya duba wurin cikin mako biyu." Neman a zo a duba yana da amfani, don abu ne mai sauƙi da ke da wuyar ƙi, kuma in injiniya ya zo ya rubuta rahoto, matsalarku ta shiga fayil. Ban da zagi, ban da zargin wani da cin kuɗi in ba ku da hujja a hannu. Ku haɗa da hotuna masu kwanan wata. Ku rubuta da Hausa don masu sa hannu su san abin da suka amince da shi, ku maƙala ta Turanci mai ma'ana iri ɗaya.

Wajen tara sa hannu, a rubuta buƙatar a saman kowane shafi, ƙarƙashinta suna, layi ko lambar gida, lambar waya, sai sa hannu ko dangwale. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa kafin ya dangwala. Kada kowa ya sa wa wani hannu, ko da ɗan'uwansa ne da ya tafi kasuwa. Mutum 80 na gaskiya da za su amsa waya su ce "e, ni ne" sun fi suna 800 da aka cike a zaure ɗaya da biro ɗaya. Yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye a Kogi a wurin tantancewa ya rushe a 2018, lokacin da hukumar zaɓe ta INEC ta nemi masu sa hannu su fito, kaɗan ƙwarai suka bayyana.

A shiga cikin gidaje. Matan da ke kwashe ruwa daga tsakar gida da tsakar dare su suka fi kowa sanin zafin abin, amma sau da yawa takardar a ƙofar masallaci take ƙarewa. A samu mata biyu, ko malamar Islamiyya, su zaga da nasu shafin. Garin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri tana fafutukar 'yancin matan Arewa bai kamata ya kai koke babu sunan mace ko ɗaya ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci. Ku yi fotokwafi aƙalla uku, ku kai takardar ofishin da ake karɓar wasiƙu, ba hannun wani da ya ce zai miƙa wa oga ba. Akawun zai karɓa ya ce "to, an gode, za a duba." Kada ku juya. Ku miƙa masa kwafinku ku ce: "Malam, don Allah a buga mana hatimin karɓa a nan." Ku tsaya har ya buga, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu. Ku tambayi teburin da takardar za ta je daga nan. Wannan kwafi mai hatimi shi ne duk jarinku, domin hukumar koke-koke ta PCC, majalisar dokoki da 'yan jarida duk shi za su fara tambaya. A ɗauki hotonsa a waya, ainihin kuma ya zauna wurin mai ajiya.

Bayan mako biyu ku koma, mutum biyu, da kwafin a hannu. Ku sayi littafi ɗan ƙarami ku riƙa rubuta ranar da kuka je, wanda kuka gani da abin da ya ce. In an ce Shugaba ya yi tafiya, ku tambayi ranar dawowarsa, ku zo a ranar. Wata ɗaya ba amsa, sai takardar tuni mai ambaton ta farko da kwanan watan hatiminta. Duk abin da aka samo, ko da "ba a ce komai ba" ne, a faɗa wa jama'a bayan sallar Juma'a ko a zauren WhatsApp na unguwa. Mutane suna janye jiki ne in suka sa hannu suka daina jin labari, har su fara zargin an ba kwamiti wani abu.

In tuni biyu suka wuce shiru, akwai matakai na gaba. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, PCC, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a Kaduna kuma ba ta karɓar ko kwabo. Sai dai ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, tana so ta ga kun fara bin hanyar da ta dace, kuma tana iya ƙin abin da ya haura wata 12 ba a kawo ba. Majalisar dokokin jiha tana da kwamitin koke-koke, kuma ɗan majalisarku ne zai gabatar da takardar a zaure. In kuna jin an taɓa ware kuɗin aikin, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman takardun a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Da irin wannan bin diddigin 'yan fafutuka suka matsa har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace Bagega a Zamfara a 2013, bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankin.

Rediyo da Facebook a wannan gaɓar suke da amfani, ba tun farko ba. Wanda ya kira shirin rediyo yana cewa "mun rubuta ranar kaza, ga hatimi, mun yi tuni ranar kaza" ya fi mai ihu tasiri. Ku tsaya kan abin da kuke da shaidarsa, domin ɓata suna laifi ne, kuma an sha kama mutane da Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Zanga-zangar lumana haƙƙi ce a ƙarƙashin sashe na 40 na tsarin mulki, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba sai da izinin 'yan sanda ba. Duk da haka shawarata a sanar da su a rubuce, a kuma bar ta a matsayin matakin ƙarshe, don mu a Zariya mun san yadda taro kan rikiɗe cikin minti kaɗan. Tawagar dattawa goma da suka zauna a ofis cikin natsuwa sau da yawa ta fi biyan buƙata.

Ku kuma lura da lokaci. Yashe magudana ana iya yinsa ko yaushe, amma sabon kwalbati ko ginin aji sai ya shiga kasafin kuɗi, wanda ake haɗawa a watannin ƙarshen shekara don ya fara aiki a Janairu. Saboda haka takardarku ta isa tun Yuni ko Yuli, lokacin da ruwa ke kwance ana iya ɗaukar hotonsa, ku kuma nemi kansila da sashen tsare-tsare na ƙaramar hukuma su sa aikin cikin jerin buƙatun mazaɓarku. In kasafin ya fito, ku nemi kwafi ku duba ko sunan layinku yana ciki da adadin da aka ware. In yana ciki, takardarku ta gaba ta tambayi ranar da za a ba da kwangila da sunan ɗan kwangilar.