Yadda ake neman kwangilar wanke jiragen saman soja da hana su tsatsa a Legas

Yawancin 'yan'uwanmu da ke sha'awar wannan aiki, daga Agege, Mile 12 ko Alaba Rago, sun fito ne daga sana'ar wankin mota ko kwangilar sharar ofisoshi. Suna da yara masu ƙwazo, suna da injin feshin ruwa, wasu ma suna da kamfani mai rajista. Amma na ga da yawansu sun kai takarda an ajiye ta gefe tun kafin a duba farashinsu, domin sun rubuta ta kamar tirela za su wanke. Abin da soja ke biya kuɗi a kai shi ne kada gishiri da danshin Legas su cinye masa jirgi. Wankin hanya ce kawai ta kaiwa ga wannan, kuma duk shafin da za ka rubuta sai ya nuna ka gane haka.

Mataki na farko: san inda aikin yake

A Ikeja Rundunar Sojin Sama ke da sansanin Sam Ethnan, a can hedikwatar sashen kula da kayan aikinta take, a can kuma ake ajiye manyan jiragen dakon nan C-130 ana yi musu gyara. Sojin Ruwa na da sansanin jirage masu saukar ungulu a Ojo. Sojojin na da nasu ma'aikata masu wankin yau da kullum, saboda haka kada ka zauna jiran talla mai cewa "wankin jirgi" ƙarara. Ka riƙa duba aikin da ya shigo cikin babban gyara, ko kawo sabulu da man hana tsatsa, ko gina filin wanki da tankunansa. Talla na fitowa a manyan jaridu da mujallar kwangilolin gwamnatin tarayya.

Akwai abin da sabon shiga ba ya sani. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta keɓe kaya da ayyuka na musamman da suka shafi tsaron ƙasa kafin a yi mata gyara a 2020. Duk da gyaran, ba kowane aikin soja ake shelanta shi a jarida ba, wani a kan gayyaci kamfanonin da aka riga aka tantance ne. Don haka ka yi rajistar zama ɗan kwangila da rundunar tun babu aiki a ƙasa. Ina kuma ba kowa shawara ya fara da zama ƙaramin ɗan kwangila a ƙarƙashin wani kamfanin gyaran jiragen fasinja a filin Murtala Muhammed. Ribar kaɗan ce, amma takardar shaidar da za su ba ka cewa yaranka sun taɓa jirgi ta fi kowace wasiƙar wani babban mutum amfani.

Mataki na biyu: takardu

Ba zan tsaya kan rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, wanda bai yi ta ba bai shirya ba tukuna. Abin dubawa kawai shi ne ko cikin ayyukan da ka rubuta kamfaninka zai yi akwai hidimar jiragen sama ko gyaran injuna. In "sayen kaya da sayarwa" kaɗai ke ciki, je ka gyara. Sai shaidar biyan haraji ta shekara 3, rahoton odita na shekara 3, takardun PenCom (hukumar fansho), ITF (asusun horas da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata), shaidar rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, wasiƙar banki, da rantsuwar kotu cewa babu jami'in rundunar da ke da hannu a kamfaninka. Yawancin waɗannan takardu suna mutuwa ne ranar 31 ga Disamba. Ka fara sabunta su a Janairu. Wanda ya jira sai talla ta fito kafin ya nufi PenCom ya riga ya makara, 'yan makonni kawai ake bayarwa.

Mataki na uku: bayanin yadda za ka yi aikin

Nan ne ake faɗuwa, nan kuma zan daɗe.

Fara da sabulu. Kada sunan omo, sabulun mota, kananzir ko soda ya shiga takardarka ko motar kayanka. Jikin jirgi alminiyom ne, kuma sabulu mai kaifi yana cin sa. Ƙafafun jirgi kuwa ƙarfe ne mai tsananin ƙarfi, wanda in sinadarin da bai dace ba ya taɓa shi, iskar haidurojin kan shige cikinsa ta mai da shi mai saurin karyewa. Ido ba ya ganin wannan lahani, sai ranar da ƙafa ta tsage wajen sauka. Gilashin matuƙi ma a jirage da yawa roba ce, fetur ko tina na sa shi tsattsagewa. Sabulun da ake amfani da shi yana da lambar ƙa'ida, irin su MIL-PRF-85570 da MIL-PRF-87937. Rubuta lambar, rubuta sunan kamfanin da ya yi shi, haɗa takardar bayanin sinadarin. Kuma ka ce a fili kundin gyaran wannan jirgin ne zai yi hukunci, domin abin da aka yarda da shi a C-130 ba lallai a yarda da shi a jirgi mai saukar ungulu ba.

Sai ruwa. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa. Rijiyar burtsatse a yankunan da ke kusa da teku da lagun takan zo da gishiri, wata da ƙarfe. In ka wanke gishirin teku da ruwa mai gishiri, ka tura shi ne cikin saƙo-saƙon da da bai kai ba. Kundin sojin saman Amurka mai lamba TO 1-1-691, wanda masu wannan sana'a ke yawan komawa gare shi, ya sa iyakar kuloraid, wato sinadarin gishiri, a ruwan wanki kashi 400 cikin miliyan, ma'aunin tsami na pH kuma tsakanin 6.5 da 8.5. Ɗebi ruwan da za ka yi amfani da shi, kai ɗakin gwaji, ka liƙa sakamakon a cikin takardarka. Kuɗin gwajin bai kai kuɗin man janareta na mako ba, amma kwamitin tantancewa na ganinsa zai san da wanda ya san aiki yake magana. In ruwan bai ci jarrabawa ba, sa kuɗin na'urar tacewa a lissafi. Ruwan tanka da ba ka san inda aka ɗebo shi ba, ni ban yarda da shi ko na rana ɗaya ba.

Injin feshinka na wankin mota ka bar shi a gida. Wannan kundin ya taƙaita ƙarfin feshi ga 175 a ma'aunin PSI, injin wankin mota kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ruwa mai ƙarfi yana kore giris daga gaɓoɓi, ya ɓamɓare abin liƙe haɗin faranti, ya kutsa cikin wayoyi.

Yanzu rufe ƙofofi. A jikin kowane jirgi akwai ƙananan huji da bututu da ke auna gudun jirgi, nisansa daga ƙasa, da yadda iska ke dukan fiffike. Kafin ruwa ya taɓa jirgi sai an rufe su, bayan an gama kuma sai an buɗe kowane ɗaya. Kuskure ta kowane ɓangare kisa ne. A watan Oktoba na 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Aeroperu ya tashi da dare daga Lima, an manta da salatif a kan waɗannan huji bayan an goge jikinsa. Na'urori suka yi ta ba matuƙa labarin ƙarya har jirgin ya faɗa teku, mutum 70 suka rasu. A Nuwamban 2008 kuma wani Airbus A320 ya faɗa teku kusa da Perpignan a Faransa, mutum 7 suka rasu. An ɗauraye shi da tiyo ba a kare na'urorin auna iska ba, ruwa ya shiga, da aka hau sama ya daskare.

Ga yadda nake so a yi, kuma a wurina babu wata hanya. Salatif mai launi mai haske kawai, ja ko ruwan lemo, kowane da dogon ƙyalle na reto a jikinsa. Mara launi ko ruwan toka haramun ne a filin. A buɗe littafi: an liƙa guda kaza, a wuri kaza, wane ya liƙa. Bayan wanki a ƙirga abin da aka cire, lissafi ya zo daidai, shugaban yaranka ya sa hannu, injiniyan soja mai kula da jirgin ya zagaya da kansa ya sa nasa. In guda ɗaya ya ɓata, ba wanda zai tafi gida. Sa samfurin wannan shafi a cikin takardar neman kwangilarka. Haka nan ka rubuta cewa yaranka ba za su kusanci jirgi ba sai soja ya tabbatar an cire makamai, an sa wa kujerar tserewar matuƙi makarinta, an kuma haɗa jirgin da wayar da ke sauke lantarki zuwa ƙasa.

Wankin kansa ba shi da wuya. Ana jiƙa jiki, a shafa sabulu kashi-kashi da soso mai laushi, a ɗauraye kafin ya bushe. A ranar Legas sabulu na bushewa nan da nan, don haka sassafe ko cikin rumfa. Ramin tayoyi, ƙarƙashin ciki, bayan bututun hayaƙi, wurin batir da kewayen banɗaki su ne gidan tsatsa, nan ake ɓata lokaci. Bayan an gama a buɗe hujin tsiyayar ruwa da ke ƙasan jirgi, a bari ya bushe, sannan a sake sa giris da man hana tsatsa a duk inda kundi ya ce. Jirgin da aka wanke ba a sake sa masa mai ba gara a bar shi da dattinsa.

Game da tsatsa, koya wa yaranka su gane ta. A ƙarfe ja ce, kowa ya san ta. A alminiyom fara ce ko ruwan toka kamar gari, ko ka ga fenti ya kumbura a gefen ƙusa, ko wasu zare-zare na tafiya a ƙarƙashin fenti. Akwatin giya na jirage masu saukar ungulu sau da yawa maginiziyom ne, shi kuwa ya fi kowane ƙarfe saurin lalacewa in ya haɗu da ruwan gishiri. Sosan ƙarfe ko burushin waya kada su taɓa alminiyom, ɓurɓushin da suke bari shi ke haifar da sabuwar tsatsa. Aikin yaronka shi ne ya gani, ya yi alama, ya rubuta, ya kira injiniya. Iyakar zurfin da za a kankare kundi ne ke faɗa, injiniya ne kuma ke yanke hukunci. Shi ya sa kake buƙatar aƙalla mutum ɗaya mai takardar gyaran jirgi, wanda ya fito daga kwalejin jiragen sama ta Zariya ko AFIT, makarantar fasaha ta sojin sama da ke Kaduna, ko tsohon sojan sama da ya yi ritaya. Akwai su a Legas, albashinsu ne zai fi na kowa, kuma bai kamata ka yi ciniki a kansa ba.

Kada ka manta da inda ruwan datti zai tafi. Yana ɗauke da mai da giris, in an taɓa fenti har da sinadarin kuromet mai jawo ciwon daji. Ba a sakinsa cikin kwata. Nuna yadda za ka tara shi da wanda zai kwashe, bisa ƙa'idar LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, ka kuma sa safar hannu, tabarau da abin rufe hanci a lissafi.

Mataki na huɗu: farashi

Tambayi sau nawa za a wanke kowane jirgi. A tsarin Amurka, wurin da tsatsa ta yi tsanani duk kwana 30 ne, matsakaici kwana 90, mai sauƙi kwana 180, ban da ɗauraya da ruwa zalla bayan shawagi ƙasa-ƙasa a kan teku. In talla ba ta fayyace ba, rubuta wasiƙar neman bayani, kada ka yi kintace. Sa farashi a kan kowane wanki na kowane irin jirgi.

Sabulu da man hana tsatsa da dala ake sayo su. Wanda ya sa farashi a farkon 2023 dala na wajen naira 460 a hukumance, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Saboda haka da zarar ka samu kuɗin kafin alƙalami, sayi kayan watanni da dama, amma duba ranar lalacewarsu. Shigo da sinadari da kanka na buƙatar izinin NAFDAC, a karon farko gara ka saya wurin dillali mai izini ko da ya fi tsada. Lissafa ranakun da yara za su zo su zauna jirgi bai samu ba, domin aikin soja ba ya jiran mai wanki. Lissafa inshora, hayar tsani da dandamali, harajin VAT na kashi 7.5, da harajin da ake cirewa tun daga tushe.

Mataki na biyar: miƙawa da karɓar kuɗi

Bayanin aiki ambulan ɗaya, farashi ambulan daban, kowane a liƙe da rubutun da talla ta ce. Kai kwana ɗaya kafin ranar rufewa, cunkoson Ikeja ba uzuri ba ne. Halarci buɗewa. Sunayen yaranka da hotunansu su tafi tantancewar tsaro da wuri, ka kuma gaya musu waya ba ta ɗaukar hoto a cikin sansani. In ka ci, banki zai ba da takardar lamuni kafin a sake maka kuɗin kafin alƙalami. Bayan kowane wanki karɓi takardar kammala aiki mai sa hannun jami'in a ranar, da ita ake biya. Doka ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman kuɗi a matsayin wanda aka jinkirta, amma kai dai ka tanadi albashin yara na wata 3 a gefe kafin ka sa hannu.