Yadda Ake Gudanar Da Gwajin Stroop A Darasin Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Da wuya ɗalibin wannan fanni ya fita jami'a bai haɗu da gwajin nan ba. Ba'amurke John Ridley Stroop ne ya wallafa shi a 1935, kuma yana auna yadda rubutacciyar kalma ke jinkirta faɗin launin tawadar da aka rubuta ta da ita. Kayan da za ka buƙata ba su wuce farin kwali, alƙaluman launi da agogon waya ba.

Fara da haɗa kati biyu. A na farko ka zana ƙananan murabba'ai 48, layi 8, kowane layi 6, da launi huɗu: ja, kore, shuɗi da baƙi, kowanne sau 12. Ka guji rawaya, ba ta fita sosai a kan farin kwali. A na biyu ka rubuta sunayen launukan, su ma 48, amma kowace kalma da tawadar da ba tata ba, kamar a rubuta "ja" da koriyar tawada. Kada tawada ɗaya ta zo sau biyu a jere.

Nemo mutum 20, ka nemi yardarsu, ka ba kowa lamba maimakon suna. Umarnin ɗaya ne: faɗi launin tawadar da sauri, kada ka karanta kalmar. A ba kowa guda 8 ya gwada tukuna, sannan ka danna agogo, wani kuma yana ƙirga kurakurai.

Nan ne ɗalibai suka fi yin ɓarna. Idan kowa ya fara da katin murabba'ai, kafin ya iso na biyu bakinsa ya riga ya saba, sai ka kasa raba tasirin sabo da na kalmar. Mutum 10 su fara da wannan, 10 su fara da wancan.

Sai batun harshe. Da yawa "bulu" ne ke fara zuwa bakinsu kafin "shuɗi", wasu kuma "tsanwa" suke cewa maimakon "kore". Ku tsayar da suna ɗaya tun kafin a fara. Wanda bai kama karatun boko sosai ba, kalmar ba za ta dame shi ba, domin dukan gwajin ya dogara ne da karatun da ya zama jiki, wanda ido ke yi ko ba a sa shi ba. Mai rikita ja da kore a cire shi. Katunan Ishihara, na gwajin ganin launi, ake tantancewa da su. Ka kuma lura da masu dabarar kanne ido don haruffan su dushe.

Daga nan ka ɗebe daƙiƙun katin murabba'ai daga na katin kalmomi ga kowane mutum, ka yi gwajin t na ma'auni biyu daga mutum ɗaya, wato lissafin da ke nuna ko tazarar ta gaske ce ko dace ne kawai. A wurin Stroop, abu 100 ya ɗauki kusan daƙiƙa 63 a katin launi zalla, da kusan 110 a katin kalmomi. Tun da naka 48 ne, ka sa ran tazarar ta gaza haka.